Mai waswasi ba tsawa yake buƙata ba

Na taɓa ganin wani matashi a bakin masallacin unguwarmu ya ƙarar da buta uku kafin a tayar da iƙama. Fatar hannunsa duk ta tsattsage. Wani dattijo ya daka masa tsawa: "Kai yaro, ka ji tsoron Allah, wannan ai ɓarnar ruwa ce!" Ya sunkuyar da kai, ya sake ɗebo ruwa.

A ganina, mun daɗe ba mu gane inda gizo ke saƙar ba. Mummunan tunani kusan kowa yana faɗo masa. Tun 1978 binciken wasu masana halayyar ɗan Adam, Rachman da de Silva, a Ingila ya nuna haka. Mai lafiya gabansa zai ɗan faɗi, ya wuce. Shi kuwa mai ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD, ba ya iya jure wannan faɗuwar gaba. Tsoro da ƙyanƙyami da jin ya yi laifi su taru su tokare masa ƙirji. Ya sake alwala, ya samu sauƙin 'yan mintoci. Tarkon ke nan, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ba a samun natsuwa sai an maimaita.

Shi ya sa tsawa ba ta magani, kunya take ƙara masa a kan tsoro. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, lallashi ma yana ciyar da ciwon. Uwar da aka tambaya sau goma, "Inna, kin tabbata na wanke ƙafata?" ta amsa sau goma saboda ƙauna, gobe sau ashirin za a tambaye ta.

A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ya gwada wata hanya a Landan: a bar mara lafiya ya fuskanci abin da yake tsoro, kada ya maimaita, har damuwar ta lafa. Da ita ake aiki har yau, wani lokacin a haɗa da magani irin su fluoxetine. Malamanmu na Malikiyya ma sun ce wanda kokwanto ya aura ya yi watsi da shi. Sai dai cewa "yi watsi" abu ne mai sauƙi, iya yin watsin ne ake koyo a hankali a hannun ƙwararre. A kai irin wannan yaro asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, ba tare da an kira shi mahaukaci ba.