Gajimare a Cikin Kududdufi

Tun ranar da na ɗora hoton nan na hasumiyar masallacin unguwarmu, wanda wani tsohon silifa yake yawo a tsakiyar gajimarensa, masu tsokaci suke ta cewa haɗin kwamfuta ne. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin abu ɗaya kawai na yi wa hoton, wato na juya shi, ƙasa ta koma sama.

Ruwan watan Agusta ne ya kwanta a ƙofar gidanmu a nan Yamai, kamar yadda yake yi kowace damina. Da la'asar, bayan iska ta lafa, na durƙusa har gwiwar wandona ta sha taɓo, na sauke wayar kusa da fuskar ruwan, sai ga hasumiya da wayoyin lantarki da sararin sama duk sun shigo cikin abin da bai fi faɗin tabarma ba. Durƙuson nan yana da dalili. Wanda ya dubi ruwa daga sama kai tsaye, kusan kashi 2 cikin 100 na hasken ne kaɗai yake dawo masa, shi ya sa yake ganin laka da duwatsun ƙasa. Amma gwargwadon yadda ya sunkuya yana duba daga gefe, gwargwadon yadda ruwan yake zama madubi.

Wannan salo ya girmi haɗin hoto da kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1933, a birnin Paris, André Kertész, ɗan ƙasar Hungari, ya ɗauki hotunan mutane a gaban lanƙwasassun madubai, jikinsu ya miƙe ya narke kamar ƙaro a rana. Kafin shi, Eugène Atget, ɗan ƙasar Faransa, ya ɗauki gilasan shaguna inda kayan ciki da gine-ginen titi suka cakuɗe a fuska ɗaya.

Ni a ganina, irin wannan hoto gaskiya yake faɗa, sai dai gaskiyar da ido ya saba tsallakewa saboda gaggawa. Mun ɗauka aikin hoto shi ne shaidar biki da katin ɗan ƙasa, alhali kowace safiya Gadar Kennedy ta nan Yamai tana kwance kai ƙasa a cikin kogin Neja, kuma da zarar kwalekwalen masunta ya gifta, sai ƙafafunta su kakkarye su sake haɗuwa. Duk mai shakka ya sauka bakin kogin bayan sallar asuba, kafin iska ta taso, ya durƙusa da wayarsa.