Ƙarfen da ya riga ya kafu, don me za a sare shi?

Duk wanda ya ba da umarnin sare tsofaffin turakun ƙarfen nan na bakin kasuwa a nan Katsina, ɓarna ya yi, ba gyara ba. Kun dai ga hotunan tun jiya: an zo da injin yanka an datse su daga gindi, an loda a kura, an bar kututture yana jiran ƙafar mai tsautsayi. Wai sun tsufa, babu fitila a kansu, babu allo, suna ɓata titi. To masu kekunan da ke ɗaurewa a jikinsu tun safe har la'asar fa, wa ya tambaye su? Ɗazu na ga wani dattijo mai kawo kayan miya tsaye riƙe da sarƙa da kwaɗo yana waige-waige. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, ina zan ɗaure?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, wasu garuruwa sun taɓa samun kansu a irin wannan hali, kuma suka yi abin hankali. A Amurka akwai mitar biyan kuɗin ajiye mota, wadda aka fara kafawa a birnin Oklahoma a 1935: turken ƙarfe ne a gefen titi, da kai a samansa inda ake jefa kwabbai. Shekara da shekaru masu keke na ɗaurewa a jikinta, don kan nan yana hana a zare sarƙa ta sama. Da zamani ya canza aka koma na'ura ɗaya mai karɓar kuɗin layi guda, sai aka fara tuge mitocin, masu keke suka wayi gari ba wurin ɗaurewa. Suka yi magana, aka saurare su. Birnin New York ya cire kawunan ya bar turakun a inda suke, aka ɗaura wa kowanne zoben ƙarfe. Wajen guda 12,000 suka sa a gaba za su gyara haka a 2013. A Toronto ta Kanada kuwa, turke mai zobe ya zama ruwan dare tun shekarun 1980.

Ku dubi sauƙin abin. Aikin da ke cin kuɗi shi ne haƙa rami, zuba kankare, kafa ƙarfe ya tsaya kyam. Wannan an riga an yi shi, da kuɗin jama'a aka yi. Saura zobe kawai. Zoben yana hana ɓarawo ɗaga keke ya zare ta sama, yana ba keken wurin jingina kada ya kife, kuma turke ɗaya na ɗaukar keke biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Wane mai walda ne a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa zai kasa lanƙwasa rodi mai kauri ya liƙa shi a jikin ƙarfe? Mutanen da ke ƙera get da gadon ƙarfe kullum?

Na san za a ce Katsina ba New York ba ce, mu ba mu da mitar mota. Wa ya ce muna da ita? Muna da turakun fitilun titi da suka mutu, muna da ƙafafun allunan da iska ta kwashe, muna da ragowar turakun wayar tarho tun zamanin NITEL. Ƙarfe ne ya kafu a ƙasa, magana ɗaya ce. Kada a sare, a sa masa zobe.

Wani ya rubuto mini cewa ai yanzu ba a hawan keke. Malam, ka fito da sassafe ka tsaya a Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri ka ƙirga da idonka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta kai ga haura naira 1,000, mutane nawa ne suka jingine mashin suka kakkaɓe tsohon keken da ke zaure? Malaman makaranta, masu gadi, leburori, ɗalibai, masu kawo madara da itace daga ƙauyukan kewaye. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba gangare, keke ya dace da shi. Wanda ke cikin mota gilashi a rufe ne kawai ba ya ganinsu.

Masu cewa 'yan jari-bola za su sace zoben kuma, to sai a sare turken tun kafin su zo? Abin da mutane ke amfani da shi kullum, da idon masu shago a kansa, ya fi wuyar sata a kan wanda aka yasar. Batun tare hanya ma ba hujja ba ne: a juya zoben ya bi tsawon titi, keke ya tsaya a gefe, mai tafiya ya wuce abinsa.

Wallahi abin nan yana taɓa ni. An gina wa motoci gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, ban ce kada a yi ba. Amma mutumin da keke ne jarinsa, wanda in aka sace shi an kashe masa sana'a, ko wurin ɗaurewa ba a ware masa ba, ɗan turken da ya samar wa kansa ma an zo an datse. Yanzu zai koma ɗaurewa a jikin 'yan itatuwan dogon yaro da aka dasa, sarƙa ta riƙa cin ɓawonsu har su bushe, gobe a zo ana zarginsa. Ina roƙon duk mai faɗa a ji da ke karanta wannan, turakun da suka rage a sauran tituna a bar su, a gwada ko a layi ɗaya ne a gani.

Tunda ma maganar ƙarfe ake, murafun kwalbatin da ke ɓacewa da dare fa? A unguwarmu akwai ramin da ya daɗe a buɗe, yara 'yan Islamiyya na bi ta wurin bayan magariba, wasu a kan keke ba fitila. Masu shagunan layin ne suka gaji suka cusa masa tsohuwar taya da reshen ƙaya. Damina na zuwa, ruwa zai rufe shi ruf.