Bishiya ba ta san kalandar jami'a ba

Idan ana son auna masanin kimiyya a yau, abin da ake fara yi shi ne a buɗe jerin maƙalun da ya buga a ƙirga. Nawa ya buga, a wace mujalla, mutum nawa suka ambace shi a nasu rubutun. Tun 2005, lokacin da Jorge Hirsch, wani malamin fiziya a Amurka, ya fito da lissafin da ake kira ma'aunin h, aikin ya ƙara sauƙi: a dunƙule wahalar mutum ta shekara talatin a lamba ɗaya, a ce ga nauyinsa. Da wannan lamba ake ƙarin girma, da ita ake raba kuɗin bincike. Ni dai a ganina wannan mudu, ko da ya yi wa wasu fannoni daidai, tauye mai binciken itatuwan marmari yake yi, kuma asarar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

Dalilin a fili yake. Akwai wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis da masana tsirrai suka mayar abin gwajinsu. Daga shuka zuwa fitar da iri mako shida ne ko ɗan sama da haka. Mai aiki da ita zai gwada, ya kuskure, ya sake, duk a cikin zango ɗaya. Abokin aikinsa da ke ofis na gaba, wanda ya zaɓi mangwaro ko lemo, in daga ƙwallo ya shuka sai ya jira shekara biyar ko fiye kafin ya ga huda ta farko. Ɗan aure ma, wato reshen da aka ɗaura a kan gindin wata bishiya, sai ya ci uku ko huɗu. Bayan nan kuma huda sau ɗaya take zuwa a shekara. In iska ta kakkaɓe ta, ko ruwa ya sauka ba a lokacinsa ba, shi ke nan, sai baɗi. Tuffar nan da ake kira Cosmic Crisp, a 1997 Bruce Barritt ya haɗa iyayenta a Jami'ar Jihar Washington, ba ta shiga kasuwa ba sai 2019. Shekara 22 ke nan, alhali tallafin bincike galibi shekara uku zuwa biyar yake yi ya ƙare.

Amma jira ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce bishiya tana da tuni. Mangwaro da tuffa da zaitun da wasu nau'o'in lemo suna da wata ɗabi'a: bana su yi 'ya'ya har rassa su sunkuya, baɗi su kwanta hutu kamar an yi musu laifi. Ruwa ba ya tsami banza. 'Ya'yan bana suna zuƙe abincin da bishiya ta tara, sannan a tuffa an nuna tun shekarun 1960 cewa irin da ke cikin 'ya'yan shi kansa yana hana idon reshe ya zama fure na shekara mai zuwa, kuma ana danganta hakan da sinadarin jibaralin da irin ke fitarwa. Ke nan abin da bishiya za ta yi baɗi, tun bana aka rubuta shi.

To a ɗauka mai bincike ya shiga lambu da igiyoyi masu launi, ya ɗaure rassa, ya fesa wa rabin bishiyoyin wani sinadari, ya bar rabi. Ya bi reshe-reshe yana ƙirga huda, bayan makonni ya dawo ya ƙirga 'ya'yan da suka kama, ya tsince waɗanda suka zube a ƙasa ya auna. Lokacin tsinka ya ga waɗanda ya fesa sun fi yawa. Ya rubuta, aka buga, lambarsa ta hau. Abin da maƙalar ba ta faɗa ba shi ne ko waɗannan bishiyoyi bara hutu suka yi, da kuma ko ƙarin da aka samu bana bashi ne aka ci daga aljihun baɗi. Amsar wannan sai an kai shekara huɗu aƙalla, biyu na yalwa biyu na hutu. Wanda ya tsaya ya yi hakan zai fito da maƙala ɗaya a lokacin da mai gaggawa ya fito da huɗu, kuma a gaban kwamitin ƙarin girma mun san wanda za a kira ƙwararre.

Labarin Ramon Barba na ƙasar Filifin shi nake tunawa duk lokacin da aka yi wannan magana. Kafin shi, manoman mangwaro a can idan suna son huda sai su tara ganye da ciyawa a ƙarƙashin bishiya su hura wuta, su yi ta turara ta da hayaƙi kwana da kwanaki, ido na hawaye, kuma ba kullum abin ke ci ba. Barba ya gwada sinadarai daban-daban har ya faɗa kan fotasiyam naitiret, wanda dama takin zamani ne da ake da shi. Kilo ɗaya a lita ɗari ta ruwa, a fesa wa bishiyar da ganyenta ya ƙosa, cikin mako ɗaya zuwa biyu sai huda ta ɓarke. Ya gabatar da sakamakon a 1974. Mangwaron Carabao, wani nau'i na ƙasar, wanda a da yakan yi 'ya'ya lokacin da ya ga dama, ya koma abin da manomi zai iya sa wa rana. Barba ya yi rajistar haƙƙin mallaka, amma bai karɓi ko sisi daga manoma ba. Ƙasarsa ta ba shi matsayin Masanin Kimiyya na Ƙasa a 2014, shekara 40 bayan aikin, ya rasu a 2021. A jerin maƙalu, wannan aiki layi ɗaya ne, daidai da kowane layi.

Kada a ɗauka ina cewa a bar rubutu a koma lambu kawai, ko kuma duk binciken da manomi ba zai taɓa da hannu gobe ba shirme ne. Tarihin wannan fanni da kansa ya ƙaryata hakan. A 1901 wani ɗalibi a Rasha, Dimitry Neljubow, ya lura tsiron waken turawa a ɗakin gwaji yana kwanciya maimakon ya miƙe, ya bi diddigi har ya gano iskar etilin ce da ke cikin gas ɗin fitilu. Wane mai lambu ne zai damu da wannan? A shekarun 1920 Franklin Kidd da Cyril West a Kambirij ta Ingila suka auna numfashin tuffa bayan tsinka, suka ga yana tashi sama kwatsam daidai lokacin nuna, daga nan aka koyi ajiye ta a ɗakin da aka rage iskar oksijin. A 1934 Richard Gane ya tabbatar da cewa tuffa da kanta take fitar da etilin. Wannan ne ya sa ayaba da mangwaro da gwanda ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, har ɗaya nunanne ya ja sauran da ke kwando ɗaya da shi, lemo da inabi da abarba kuwa zaƙin da aka tsinko su da shi, da shi za su tsaya. A 1979 Douglas Adams da Shang Fa Yang a Kaliforniya suka gano matakin da tsiro ke bi ya ƙera iskar. Sai 1996 Edward Sisler da Sylvia Blankenship suka sami rajistar sinadarin 1-MCP, wanda ke toshe wa 'ya'yan itace hanyar jin etilin, shi ake sayarwa da sunan SmartFresh. Daga Neljubow zuwa nan shekara 95. Ba don kowannensu ya rubuta abin da ya gani ba, da na bayansa bai sami inda zai taka ba.

Saboda haka rigimata da ƙirgar ce. Ko dabarar Barba, da aka kai ta wasu ƙasashe, ta ci a wani wuri ta ƙi a wani. A yankunan da sanyi ke tayar da hudar mangwaro ba ta yin tasiri kamar a wurare masu zafi, wasu nau'o'in ba sa amsawa, kuma in toho bai ƙosa ba sai bishiya ta ba ka ganye maimakon fure. Wannan ilimi na "an gwada bai yi ba" shi ya fi hana manomi asara, kuma shi ne mujallu suka fi ƙyamar bugawa. Mai hankali da ke neman ƙarin girma ba zai ɓata shekara uku a kansa ba.

Masu kare ƙirga suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sukan ce in aka cire lamba, son kai da sanayya ne za su maye gurbinta, sai wanda ke da uwa a gindin murhu ya haye. Gaskiya ne lamba ba ta san ɗan wane ba. Sai dai maganin son kai shi ne a sa 'yan kwamiti su karanta aikin su rubuta dalilinsu a fili, abin da sanarwar San Francisco kan auna bincike, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ta nema ke nan: a duba abin da maƙala ta ƙunsa, a daina fakewa da sunan mujalla. A wannan fanni tambayoyin ma ba su da wuya. Shekara nawa aka yi ana awo, a lambu nawa, a kan wane gindi aka yi auren, bishiyoyin shekararsu nawa.

Akwai kuma wani aiki da ba ya shiga kowane jeri: riƙe lambun gwajin kansa. Cibiyar East Malling ta Ingila an kafa ta a 1913, a can Ronald Hatton ya zauna ya tantance gindin tuffa iri-iri da ake aure a kansu, waɗanda kafin nan sunayensu a cakuɗe suke. Daga cikinsu aka sami M9, gindin da ke gajarta bishiya ya sa ta haihu da wuri, wanda har gobe a kansa ake dasa lambunan tuffa a nahiyoyi da dama. Wani ne ya yi ta sassabe da ban-ruwa da sabunta lambar kowace bishiya shekara da shekaru kafin a kai ga haka. Yau idan malami ya yi ritaya, ba wuya ka ga an tura katafila lambunsa saboda ana son filin gini, a tuge bishiyoyin da aka yi shekara ashirin ana rubuta hudarsu da 'ya'yansu a littafi. Ɗalibin da zai zo bayansa sai ya koma ya fara daga dashe.