Waƙar nan ba ta ridda ba ce

Malam marubuci, na ga ka saka waƙar ƙungiyar R.E.M. mai suna Losing My Religion (a zahiri, "ina rasa addinina") cikin jerin waƙoƙin rok da ka ce suna kiran mutane su bar addini. A nan kam an yi tuya an manta da albasa. Sunan ne ya ruɗe ka, kamar yadda ya taɓa ruɗa ni.

A garin Athens na jihar Jojiya aka kafa ƙungiyar, a kudancin ƙasar Amurka. A bakin mutanen can, wannan furuci na nufin haƙurin mutum ya ƙare, kamar dai Bahaushe ya ce an kai shi bango. Mawaƙin, Michael Stipe, da bakinsa ya ce zancen soyayya ne, irin son maso wani: mutum na ta inda-inda, ya furta ko ya haɗiye, in ya furta kuma sai ya ga kamar ya zaƙe.

Bidiyonta na 1991 ne ya ƙara dagula lissafi. Daraktan bidiyon, Tarsem Singh, ɗan Indiya, ya cika shi da mutane masu fukafukai, ga wani da kibau a jikinsa irin zanen Waliyyi Sebastian da ake gani a coci. Wanda ya ga wannan, ga kuma sunan, ai nan take zai yanke hukunci. Ni kam amon mandolin (abin kiɗa mai tsirkiya) na Peter Buck, makaɗin ƙungiyar, ne ya fi tsaya mini a rai. Don Allah a gyara jerin.