Ga ɗan'uwan da yake ɓoye wannan sha'awa a zuciyarsa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai maza a cikinmu, wasu ma magidanta ne, waɗanda zuciyarsu ke karkata ga wanda aka haifa namiji amma yake rayuwa da siffar mata, ko 'yan daudun da muka saba gani suna tuyar kaji a tasha, ko waɗanda suka sauya jikinsu ake ganinsu a intanet. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Northwestern ta Amurka ya nuna cewa galibin mazan da ke da irin wannan karkata sha'awarsu ga mata tana nan daram, saɓanin masu neman maza, shi ya sa da yawansu suke rasa gane kansu.

Ɗan'uwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ba kuma ba su furta ba. Saboda haka kada ka yanke ƙauna don wani abu ya ɗarsu a ranka. Inda hisabi yake shi ne aiki, kuma aiki yana farawa ne daga kallo, shi ya sa aya ta 30 a Suratun Nur ta gabatar da runtse ido a kan kiyaye farji. Wayar da kake juyawa ƙarfe biyun dare, matarka tana barci a gefenka, tana cikin wannan umarni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin da zai ajiye motarsa can nesa da dare ya aika a kira masa ɗan daudu, gari na wayewa kuma shi ne kan gaba a majalisa wajen tsine musu, har yana zuga yara su jefe su. Wannan ya haɗa saɓo da munafunci da zalunci, kuma haƙƙin wanda aka zalunta ba ya faɗuwa don an raina shi. Imam Nawawi ya bayyana cewa wanda aka halitta da taushin murya da tafiya irin ta mata, ba da gangan ba, babu laifi a kansa, Suratul Hujurat kuwa ta hana izgili da binciken sirrin mutane ba tare da ta ware kowa ba.

Idan abin ya yi maka nauyi, ka yawaita azumin nafila, ka daina kaɗaita da waya, ka nemi malami mai riƙon amana ko likitan ƙwaƙwalwa ku tattauna. Idan kuma ka riga ka afka, to ka je asibiti a gwada jininka kafin ka sake kusantar iyalinka, domin lafiyar matarka amana ce a wuyanka.