Ku ci gaba da dariyar mai kiwon kyankyaso

Wai dariya ake yi. Tun jiya hoton wani ɗalibin jami'a ke yawo da botikan fenti cike da kyankyasai, kowa na tofa albarkacin bakinshi, wai uba ya sai da gero ya biya kuɗin jami'a, ɗa ya ƙare a kiwon kyankyaso. Sannunku da ƙoƙari, shehunnan malamai. Cikin duk waɗanda sunka yi sharhi babu wanda ya tambayi mi ya kai binciken digiri cikin botikin fenti a bayan ɗakin kwanan ɗalibai.

Babu wurin aikin ne, shi ke nan. Binciken ƙwari yana son ɗakin kiwo nashi na kanshi, zafi a tsaye kusan digiri 27, danshi a tsaye, haske na kunnuwa yana mutuwa kan lokaci, ga madubin ƙara girma, ga firiza, ga wutar da ba ta ƙiftawa. To a Gusau cikin watan Afrilu, zafi ya haye 40, an ɗauke wuta tun safe, janareto ba mai, wane sakamako yaro zai samu? Ƙwarin su mutu, shi bai san ko maganin da yake gwadawa ne ya kashe su ko rana ba. Haka zai rubuta, haka za a sa hannu, a ɗora bisa kanta ƙura ta rufe.

Jami'ar tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi duk a 2013 anka kafa su, ta Aliero tun 2006, ga ta noma a Zuru, ga ta jiha a Talata Mafara. Yanki mai jami'o'i haka ya ci a ce a kowace da ake koyar da ilimin halittu akwai ɗakin kiwon ƙwari mai sola. Amma mu an fi son ƙatuwar ƙofar shiga da za a yanka kirtani a ɗauki hoto.

Kada wani ya zo min da maganar wai muna fama da 'yan bindiga wa ke ta kyankyaso. Na ji, ni ma a nan nike. Amma fiya-fiyar da kake zubawa ƙarƙashin gadon ɗiyanka fa? Guba ce ta gona, irin sinadarin da ke cikin Sniper, wanda tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta fara taka ma sayar da ƙananan kwalabenshi birki. Muna ta feshi ido rufe, in bai ci ba a ƙara yawa. Ƙaramin nan da ake ce ma kyankyason Jamus, macen na yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40, ka kashe iyaye yau bayan kwanaki ɗiyan su fito, kuma waɗanda sunka tsira su ke haifar masu taurin kai. A Amurka har an gano wasu sun daina cin gubar da anka haɗa da sukari, zaƙin ya koma masu ɗaci. A ɗakin bincike anka gano haka, ba a majalisar mai shayi ba.

Wallahi abin na ci min rai. Ƙwaron nan daga masai yake fitowa ya bi kwanon tuwo, kashinshi da saɓarshi na tayar ma yara da asma. Wanda zai gaya mana wane magani ke ci a gidajenmu kuma wane ne ya daina, shi munka bari da botiki muna mai dariya. A ba shi ɗaki, a ba shi wuta.

Af, kuɗin cizo kuma. A 2023 Faransa ta rikice a kanshi har a majalisa anka yi maganar. Mu nan sai a shanya katifa a rana. Kuma don Allah masu jefa ƙwayar maganin ƙwari ta buhun hatsi cikin ɗakin kwana su rufe ƙofa, ku bari, hayaƙinta na kashe mutum. Direbobin motocin Legas kuma ku duba kujerunku, mun gaji da sosa har Jega.