Robar lagireto 'yar Kwatano, tsufa kake saya da kuɗinka

Zafin Afrilu in ya kama a Katsina, ya haura digiri 40, bi hanyar Daura ko ta Jibiya da tsakar rana ka ga motoci a gefen titi an ɗaga bonet, direba na jiran inji ya huce. Golf 3 ta haya, tsohuwar Honda, Corolla. Da ka tsaya jajantawa, maganar ɗaya ce: "Ai Alhaji motocin yanzu duk roba ce, ba irin Fijo ba."

Akwai gaskiya a ciki. Lagireton tsohuwar 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, jan ƙarfe ne da tagulla. In zai lalace tsatsafa yake fara yi, ka ga jiƙa a ƙarƙashin mota da safe. Mai gyaran lagireto ya kwance kan, ya share bututun ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe da dalma, ka ci gaba da harkarka.

Na roba ba ya wannan kara. Cikinsa alminiyam ne, sai aka matse masa kawuna na roba mai haɗe da zaren gilashi. Kullum aka tayar da mota ruwan ya kai wajen digiri 90, ga matsi, da dare ya huce. Shekara da shekaru ana haka, robar ta ƙone, baƙinta ya koma ruwan ƙasa, ta yi gautsi kamar soyayyen ƙuli. Rannan kana tsakiyar hanya wuyan da ake ɗaura tiyo ya ɓalle gaba ɗaya, ruwa ya tsiyaye cikin ƙanƙanin lokaci. Direban da bai kalli allurar zafin inji ba, sai dai ya ji ana maganar gasket ta ƙone. Masu Golf sun san robar nan da ke maƙale a gefen kan inji, sun san halinta. Gam kuwa, ko wane iri ne, lallashi ne kawai zuwa gareji.

To ga inda nake rabuwa da mutanenmu. Robar ta fashe, sai a tafi neman 'yar Kwatano, wai ita ce orijina. Golf 3 an daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000. Robar da aka ciro daga wata Golf ɗin a Turai sa'ar taka ce, zafin da ya cinye taka ita ma ta sha shi. A kayan ƙarfe irin su giya ko kan inji, na yarda da 'yan Kwatano. A robar ruwa kuwa, sabuwa mai kyau ta fi, in an samu ta alminiyam daidai da motar a sa ta.

Su ma masu yabon ƙarfe su ji nasu. Ƙarfen nan mu muke kashe shi da ruwan rijiya da na burtsatse. Buɗe murfin lagireto ka ga ruwa ja jawur, tsatsa ce ke yawo. Ita ke cinye fukafukan ƙarfe na wata-famfo, famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, har su koma guntaye, gishirin ruwan kuma ya toshe bututu. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti da ake rainawa, ana cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, a cikinsa maganin tsatsa yake. Sai kuma a cire tamostat mai daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, a ce an yi maganin zafi, alhali toshewar tana nan inda take.

Wanda motarsa ta haura shekara 15 da robarta ta asali, ya bar inji ya huce, ya sa bakanike ya zare tiyon sama ya kankari wuyan da farce. In yana marmashewa, a sauya shi a gareji kafin a ɗauki hanyar Kano, tare da murfin lagireton, don shi ma in ya daina sakin matsi robar ce ke fara fashewa.